Gidan gonar Stöng a Aislan: ɗakin nono ya fi komai ilimantarwa

Mai son sanin yadda mutanen Norwe da suka zauna a Aislan daga wajen shekarar 870 suka riƙe dabbobi, ya je Þjóðveldisbærinn, kwaikwayon gidan gona na zamanin da, a kwarin Þjórsárdalur, tafiyar kusan awa biyu a mota daga Reykjavik, babban birnin ƙasar. An gina shi tsakanin 1974 da 1977 bisa tsarin kangon gonar Stöng da aka tono a 1939 daga ƙarƙashin tokar dutsen Hekla mai aman wuta. Da bazararsu kawai ake buɗewa, Yuni zuwa Agusta.

Ginin kansa ya cancanci yabo. Da ɓawon ƙasa mai saiwar ciyawa aka tayar da bangon, ana yankansa gunduwa-gunduwa a jera, a shimfiɗa dogayen yanka tsakani don su ɗaure shi. Irin wannan bango yana riƙe ɗumi, amma in ruwa ya shige shi ya daskare sai ya kumbura ya tsage, don haka gyara ba ya ƙarewa.

Yawancin baƙi a babban zaure suke tsayawa, alhali ilimin yana ɗakin ajiyar nono. A wancan zamanin, a nan ake ajiye manyan gangunan katako da ake binne gindinsu a ƙasa don sanyi. A cikinsu ake tara skyr, wanda ya yi kama da kindirmon da aka tace. Ga yadda ake yin sa: a yaɗe man madara, a dafa ta, a bari ta huce zuwa kusan digiri 40, a zuba ɗan tsohon skyr da sinadarin tumbin ɗan maraƙi, a rufe ta kwana, sannan a tace da ƙyalle. In an zuba da zafi, ƙwayoyin da ke ɗaure ta su mutu. Ruwan da ya tsiyaye ba a zubarwa: ana barinsa ya yi tsami a jiƙa dafaffen nama a ciki, saboda gishiri yana yi musu wuyar samu.

Duk wannan a kan ingirici ya dogara. Saniya tana shafe watannin hunturu a ɗaure, sai abin da aka yanka a filin da ke kewaye da gida, wanda ake zuba wa taki. In ruwan sama ya ruɓar da ciyawar kafin ta bushe, dole a yanka shanu tun kaka. A lissafinsu saniya ɗaya daidai take da tumaki 6 masu 'ya'ya, ko kamu 120 na saƙin ulu.

A nan wurin ya gaza: ba a sake gina ɗakin shanun ba. Wanda kiwo ya kawo shi sai ya ƙarasa ainihin kangon Stöng, 'yan kilomitoci kan hanyar tsakuwa, ya ga inda aka ɗaure su.