Garin Spirulina da Matsalar Ƙarninsa

Garin spirulina da ake sayarwa a wani kantin magunguna kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato yana zuwa ne cikin leda mai gram 100, kore shar har yana ɗaukar shuɗi, kuma da zarar an yage bakin ledar sai ƙarni ya bugi hanci, irin na gefen tabki idan ruwa ya fara janyewa. Ba gansakuka ba ce aka daka, ƙwayoyin halitta ne na dangin cyanobacteria, wato ƙananan halittun ruwa masu haɗa abincinsu da hasken rana, jinsin Arthrospira, waɗanda matan Kanembu suka daɗe suna kwasa daga tafkunan kanwa na yankin Tafkin Chadi, su shanya, su sa a miya.

Ƙarnin ba alamar lalacewa ba ne. Ƙwayoyin suna fitar da sinadarai masu saurin bin iska, mafi yawa a cikinsu shi ne heptadecane, sai beta-ionone da beta-cyclocitral waɗanda ke samuwa idan sinadarin carotene, mai ba da launi, ya farfashe. Bincike ya nuna cewa idan aka raini irin waɗannan ƙwayoyi da sukari, gulukos ko furuktos, maimakon a bar su da hasken rana kaɗai, sukan ƙara yawa, kuma haɗin sinadaran da ke ba su wari yakan sauya gwargwadon irin sukarin. A nan ne kayan ya gaza, domin ledar ba ta faɗi inda aka noma shi ko yadda aka raine shi ba, alhali wasu 'yan dangin suna fitar da dafin microcystin mai cutar da hanta, wanda kan gurɓata spirulina idan tafkin noman bai da tsabta.

A fura da nono tsami yana danne ƙarnin, ko da yake yara sukan yi turus idan sun ga fura ta koma koriya. A miyar kuka ƙarnin yana ɓacewa ɓat, amma idan aka sa garin a kunun zaƙi ba ya shawuwa. Bakin ledar kuma ba ya rufuwa da kyau, don haka a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 dole a juye garin cikin kwalba mai murfi, a ajiye a inuwa, in ba haka ba launin ya dushe, warin ya ƙaru.

Gaskiya ne kusan kashi 60 cikin 100 na garin furotin ne, sai dai ƙaramin cokali ɗaya bai wuce gram 3 ba, wato furotin da bai kai gram 2 ba. Wanda furotin kaɗai yake nema, ƙuli-ƙuli ya fi masa araha nesa ba kusa ba.