Shekara biyu da jan fiyanona, Nord Electro 6D

Na sayar da babur ɗina da tsohon fiyanona Yamaha PSR da na koyi sana'a a kansa kafin kuɗin wannan jan fiyano suka cika. Na hannu ne, daga Legas aka kawo min, mai maɓalli 61. Mu biyar ne a ƙungiyarmu a Abuja: mai jita, mai ganguna, mai kalangu, wani dattijo mai goge, sai ni. Jaz muke haɗawa da kiɗan gida, mafi yawa a otal da daren Juma'a da Asabar.

Kamfanin Clavia na Stockholm a ƙasar Suwidin ke ƙera shi, wannan samfurin kuma a 2018 ya fito. Nauyinsa kilo takwas da 'yan kai, ina rataya shi a baya in shiga a-daidaita-sahu. Wanda bai taɓa hawa bene hawa uku da ƙaton fiyano a ka ba, ba zai san daɗin wannan ba.

Sashe uku gare shi: fiyano, ogan, da na sautukan da aka naɗa. Ogan ɗin ne ya ci kuɗina. Yana kwaikwayon tsohon ogan ɗin lantarki Hammond B3, da sanduna tara da kake ja da hannu kana sauya muryar kiɗa ana tsakiyar waƙa, ga kwaikwayon sifikar Leslie mai juyawa. In mai kalangu ya ɗau zafi, sai in jawo ukun farko har ƙarshe, in saki juyin da sauri, ka ji zauren ya cika kamar hadari ya taso. Gaban maɓallan a shafe yake, babu leɓe, don haka tafin hannu na zamewa a kai ba ciwo. Muryar Rhodes ɗinsa, wato kwaikwayon wani tsohon fiyanon lantarki, ita ma ba laifi: ka taɓa a hankali ta yi laushi, ka doka ta yi gurnani. Amma mai son ainihin fiyano zai ji maɓallan sun yi masa sakayau, sai da na yi wata guda kafin yatsuna su daina wuce gona da iri.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ba shi da sandar lanƙwasa sauti, kuma ba a iya gyara zaman maɓalli ɗaya shi kaɗai, sai dai a ɗaga duka ko a sauke duka kaɗan. Goge kuwa ba ya zama daram a kan maɓalli, tsakanin biyu yake ratsawa, yana jan murya. A gwajinmu na farko dattijon ya ajiye gogensa ya dube ni ya ce, "Yaro, abin nan naka ba ya kuka ne?" Na ce, "Baba, sai dai ya yi magana." Aka yi dariya, amma zancen ya tsaya min a rai. Daga baya na daina bin sa a layi ɗaya. Yanzu in yana ja, ni sai in shimfiɗa masa ƙasa da sauti biyu ko uku masu faɗi, in guji waɗanda ke karo da nasa, in ya numfasa in amsa. Kiɗanmu ya fi tsabta tun daga nan. Na kuma naɗi tsirkiyar gurmin wani abokina, na shigar ta kwamfuta da manhajar da kamfanin ke bayarwa kyauta. Ta zauna, ko da yake mai gurmin da ya ji cewa ya yi wannan gurmin ya yi boko.

Masu situdiyon waƙoƙin Hausa da masu biki, ku ji da kyau: babu ganguna masu kaɗa kansu a ciki, babu sifika a jikinsa. In kai kaɗai kake riƙe taro, PSR ɗinka ko Korg Pa ya fi maka amfani nesa ba kusa ba. Wannan na wanda ke da makaɗa a gefensa ne.

Ba na jona shi da janareta sai ta sitabilaiza, da hunturu kuma kullum a lulluɓe yake, don ƙura ba ta raga wa sandunan nan. Yanzu tarin kuɗi nake in sayi ƙaramin fiyano mai sandar lanƙwasa in ɗora a samansa, saboda Baba.