Boruto bayan Naruto: abin da na rasa da abin da na samu

A wayar yayana na fara kallon Naruto, shirin zanen katun na Japan kan wani yaro ɗan ninja mai wannan suna, ina aji biyu na sakandare. Mukan kai memori wajen mai tura finafinai a bakin kasuwa ya cika mana ita, mu dawo soro mu huɗu mu haɗa kai a kan allo guda har caji ya ƙare. Kashi 220 na farko da 500 na ci gabansa, Shippuden, duk na shanye su. Shi ya sa da Boruto, labarin ɗan da Naruto ya haifa, ya fito a Afrilun 2017 na ƙi ko leƙa shi, kamar yaron da aka kawo wa kishiyar uwa. Sai bara na daure na kalli kashi 293 ɗin da kamfanin Pierrot ya yi kafin ya dakata a Maris ɗin 2023.

Abin da ya ɗaure mu ga Naruto maraicinsa ne. Gari ya juya masa baya saboda dodo mai wutsiya tara da aka rufe a cikinsa. Har yau ina ganinsa shi kaɗai a kan lilo ranar yaye ɗalibai, iyaye na rungumar 'ya'yansu, shi ba mai ko kiran sunansa. Kwanon taliya ɗaya da Malam Iruka ya saya masa ya fi wani dogon faɗa taɓa zuciya. Boruto kuwa ɗan shugaban gari ne, don Naruto ya girma ya zama shugaba, ga uwa, ga ƙanwa, ga jirgin ƙasa da wasan kwamfuta a garinsu Konoha, dabarun da ubansa ya sha wuya a kansu shi tun yana makaranta ya iya. Na daɗe ban ga dalilin da zai sa in damu da shi ba.

Jan rai ma ya yi yawa. Littafin zanen da ake ɗauko labarin daga ciki, wanda Mikio Ikemoto ke zanawa, wata-wata yake fitowa, shirin kuma mako-mako, dole aka riƙa cike gurbi da labaran da ba su kai ko'ina. A mintunan farko aka nuna mana Konoha ta zama kufai, Boruto da wani matashi mai suna Kawaki na fuskantar juna a kan fasassun fuskokin shugabanni da aka sassaƙa a jikin dutse. Sai da aka wuce kashi 180 kafin Kawakin ya shigo labari sosai. Shippuden ma yana da wannan ciwon, amma can an riga an kama mu. Miyagun ma ba ɗaya ba: Zabuza da Pain na tsohon shirin mutane ne da duniya ta gasa, kana ƙin aikinsu kana gane zafinsu. 'Yan Otsutsuki, miyagun shirin Boruto, daga sama suka faɗo, ƙarfi kawai gare su.

Amma akwai daren da shirin ya kama ni. Ranar zagayowar haihuwar Himawari, ƙanwar Boruto, aiki ya riƙe Naruto a ofis, sai ya turo inuwarsa gida, wato kwafin kansa da yake yi da dabarar ninja. Inuwar na ɗauke da kek ta ɓace, kek ɗin ya kife a ƙasa. Na tsayar da wayar. Ni ma sai bayan isha'i nake rufe shago, 'yata ta yi barci, da safe uwarta ta ce mini ta jira ni har ta gaji. Maraya ya samu gidan da ya yi ta nema, ga shi bai san yadda ake zama uba ba, don bai taɓa ganin nasa a gida ba. Daga nan na fahimci fushin yaron, har da maguɗin da ya yi a jarrabawar Chunin ta ƙarin matsayin ninja da na'urar hannu, uban ya cire masa ɗaurin goshi, alamar ninja, a gaban jama'a.

Kashi na 65, inda Naruto da abokinsa Sasuke suka haɗu wa Momoshiki na 'yan Otsutsuki, zanensa ya kai duk wani faɗa na tsohon shirin. Na 218 kuwa, bankwana da Kurama, dodon nan mai wutsiya tara, na yi hawaye, duk da na san shekarun da na yi da Naruto ne suka jawo su.

Wanda bai ga Naruto ba, kada ya fara da wannan. Wanda ya gani, ya kalli kashi na 53 zuwa na 66, sannan ya tsallaka inda Kawaki ya shigo.