Garejin da ya shirya mini babur kafin tafiyar Ilori

A Birnin Kebbi samun bakaniken babur ba abu ne mai wuya ba, domin kusan kowace unguwa tana da rumfar da 'yan kabu-kabu suke jeruwa da safe, ana yi wa wannan juye, ana ɗaure wa wancan sarƙa. Wahalar tana kan wanda babur ɗinsa ya fita daga sahun Boxer da Jincheng, waɗanda su ne hannun masu gyaranmu ya saba da su. Nawa Royal Enfield Himalayan ne, ƙirar Indiya, mai injin cc 411 da giya biyar, kuma na hannu na saye shi. Nauyinsa ya kusa kilo 200, tankinsa yana cin lita 15, sannan ba kafireto gare shi ba, injekta ce take ba shi mai. Da na ƙudura zuwa ɗaurin auren wani ɗan'uwa a Ilori a kansa, ta Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora, sannan Mokwa da gadar Jebba, sai na san cewa ba zan miƙa shi ga duk wanda na gani riƙe da sifana ba. Wani abokina ne ya nuna mini garejin da zan yi bayani a kansa, rumfar kwano ce a bakin gari ta wajen hanyar Kalgo, da maigida ɗaya da yara huɗu.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne mai garejin bai taɓa babur ɗin ba sai da ya yi mini tambayoyi. Ya tambayi ranar tafiya, da yawan kayan da zan ɗora, da ko zan goya wani, da lokacin da aka yi juye na ƙarshe. Daga nan ya hau ya zaga da shi, ya dawo ya bar injin yana aiki, ya durƙusa yana saurare. Da ya ji saura kwana goma sha biyu, sai ya ce, "Malam, ka kyauta da ka zo yanzu. Mai kawo mashin ana gobe tafiya, wanki kawai nake iya yi masa." Na riƙe wannan magana, domin kusan duk kayan da aka buƙata daga baya babu su a cikin gari, sai da aka yi saƙonsu daga Kano.

A kan baƙin mai ne na gane cewa mutumin ya san aikinsa. Kulocin irin wannan babur a cikin man inji yake wanka, saboda haka idan aka zuba masa man da aka yi domin mota, wanda ake haɗawa da sinadaran ƙara santsi, kuloci yakan fara zamewa, mutum ya murɗa totur inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba. Littafin babur ɗin ya ce a zuba 15W-50, kuma a jikin galan ɗin a nemi alamar JASO MA, wadda take nuna cewa man ya dace da irin wannan kuloci. Mai garejin ba ya karanta Turanci sosai, amma ya san alamar da ido, kuma da kansa ya hana yaransa kusantar injin da man awo na cikin duro, wanda suke zuba wa 'yan kabu-kabu. Ya canza matatar mai tare da juyen, abin da masu gyara da yawa suke tsallakewa idan mai abin bai tsaya a kansu ba. Tafet kuwa, wato tazarar bawul ɗin inji, sai washegari da sassafe ya auna, bayan injin ya kwana ya huce, ya kuma yi amfani da ma'aunin siraran ƙarafa maimakon ya dogara da kunne.

Inda ya fi daɗewa shi ne ƙafafu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko suna nuna mako, biyun ƙarshe suna nuna shekarar da aka yi ta. Tayata ta gaba zanenta bai cinye ba, ni ma da ita na yi niyyar tafiya, amma da ya karanta lambar sai ta nuna ta haura shekara shida, ya kuma lanƙwasa gefenta ya nuna mini ƙananan tsagogin da rana ta yi mata. Ban so kashe kuɗin ba, na dai kashe. Sannan ya jawo hankalina ga wani abu da ban taɓa lissafawa ba: ƙafar gaba ta Himalayan inci 21 ce, ta baya inci 17, alhali babura da suka cika hanyoyinmu ƙafafunsu ba su kai girman ta gaban ba, don haka mai facin ƙauye zai iya liƙe huji amma ba shi da tub ɗin da zai maye wanda ya yage. Ya sa na sayi tub biyu, na gaba da na baya, da ƙarafan ɓare taya da ƙaramin famfon hannu. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa na cire ƙafar baya na mayar da hannuna har sau biyu yana tsaye, yaransa suna ta murmushi. Wayoyin ƙafa ma ɗaya bayan ɗaya ya bi su da sifana yana ƙwanƙwasawa, duk wadda ƙararta ta mutu ya ɗaure ta.

Birki bai ɗauki lokaci ba: ya canza takalman baya, ya zubar da tsohon man birki da ya yi duhu ya zuba sabon DOT 4. Wata dabara tasa da ta burge ni ita ce, ya shimfiɗa sabuwar wayar kuloci a jikin tsohuwar ya ɗaure su tare, ta yadda idan ta tsinke a hanya bakin biyu kawai zan sauya, ba sai na ɗaga tanki ba.

Sai dai garejin yana da aibi, kuma aibin ba ƙarami ba ne ga mai irin wannan babur. Ranar da aka zo kan sarƙa maigidan ya tafi jana'iza, ya bar aikin a hannun babban yaronsa. Sarƙar babur matsakaici tana da ƙananan zobban roba a tsakanin gaɓoɓinta, waɗanda suke tsare giris a ciki, kuma fetur yana lalata su. Da kananzir da burushi mai laushi ake wanke ta. Ina isowa na tarar yaron ya riga ya zuba fetur a gwangwani, domin haka ya saba yi wa Boxer, da ƙyar na tare shi. Abin da ban lura da shi ba shi ne ya ɗaure sarƙar tamau. Babur mai doguwar shokoziba yana buƙatar a bar wa sarƙarsa sassauci kamar faɗin yatsu biyu, saboda idan aka hau aka ɗora kaya, ko ƙafar baya ta faɗa rami, sarƙar ƙara miƙewa take yi, kuma idan babu sarari to boris da haƙoran da take hawa ne za su sha wahala. A gwajin da na yi zuwa Argungu da dawowa, da kayan tafiyar duka a kai, na riƙa jin wani gurnani daga baya. Da na koma, mai garejin ya sa yatsa ya taɓa, bai yi musu ba, ya sassauta ta ina zaune a kan babur ɗin, sannan ya yi wa yaron faɗa a gabana. Na yaba da amsa laifin, amma da ban yi wannan gwaji ba, da a tsakanin Koko da Yawuri zan gano.

Aibi na biyu shi ne ba shi da na'urar da ake jonawa a karanta matsalar injekta, kuma ya faɗa mini haka ƙarara tun ranar farko. Abin da ya iya shi ne rigakafi: ya canza matatar iska saboda ƙurar hunturu, ya tsabtace kawunan batir, ya sa sabon fulogi ya ba ni tsohon in ajiye. Ya kuma gargaɗe ni da man 'yan bumburutu na cikin kwalba, wanda kafireto yake haƙuri da dattinsa amma injekta ba ta yi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa yake neman inda lita ta fi sauƙi, sai dai a wannan tafiya na bi shawararsa, na riƙa cika tanki a gidajen mai na manyan garuruwa tun bai kai rabi ba. Wurin kansa ma babu tsari: notuna a ƙasa cikin rairayi ake zuba su, babu rasit, kuma kujerar baƙo tsohuwar taya ce. Da farantin da na aro wurin mai shayi aka tara notunan babur ɗina.

Shawarar da ya ba ni game da hanya ta yi daidai da ta direbobin tasha. Ya ce kada in tashi kafin gari ya waye sosai saboda hazo, kada kuma la'asar sakaliya ta same ni a wajen gari, in kwana a Kwantagora ko da ina jin sauran ƙarfi. Ya ce in sa takardun babur da lasisi da katin shaida a aljihun gaba, in kuma ɗaga gilashin hular kwano tun kafin in isa shinge. Wanda ya san yankin nan ya san dalili, domin tun a 2019 rundunar soja ta hana hawan babur a dazuzzukan wasu jihohin Arewa, har da Kebbi da Zamfara da Neja, saboda 'yan bindiga, kuma babban babur ɗauke da jakunkuna dole ya ja ido.

Kuɗin hannunsa ya kusa ninka abin da yake karɓa a kan Boxer sau uku, kuma bai rage ko sisi ba duk da cinikin da na yi. Ban ga ya zalunce ni ba idan na duba kwana huɗun da aikin ya ci, ga kuma tsofaffin kayan da ya cire duk ya haɗo mini su a leda ba tare da na tambaya ba. Wanda yake da babur mai kafireto, ko wanda abin da yake buƙata bai wuce juye da taya da birki da tafet ba, zan tura shi can ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya je da littafin babur ɗinsa, ya sayo mai da matata da kansa, kuma kada ya matsa daga wurin ranar da maigidan ba ya nan. Wanda fitilar gargaɗin injinsa take kunnuwa kuwa, gara ya nemi inda ake da na'ura.

A tafiyar kanta inji bai yi tari ko sau ɗaya ba, kuma da na duba mai a Kwantagora bai ragu ba. Noti ɗaya na kariya ya kwance saboda girgizar hanya, na ɗaure shi a Yawuri. Kafin Mokwa ƙusa ta shiga tayar gaba ta yaga tub ɗin wajen bakin iska, na tura babur ɗin zuwa wurin wani mai faci a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ya juya tayar, ya girgiza kai ya ce bai taɓa ajiye wannan girman ba. Na buɗe jakar hagu na miƙa masa nawa, muka haɗu muka ɓare tayar, kafin a kira azahar na kama hanyar Jebba.