Na sa wa Jinhao ɗina bakin JoWo, ga yadda ta kaya

Sakacina ne ya jawo, na bar alƙalamina na tawada, Jinhao X750, a buɗe a gefen tebur ya gangaro ya faɗi da baki, tsinin nan biyu ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli yamma. Na yi ta ƙoƙarin miƙe su da farce amma ina, sai kartar takarda yake kamar ƙusa. Gangar jikin kuma lafiyarta lau, ga nauyi mai daɗi a hannu, shi ya sa na ce bari in canja bakin kawai, na sayi na JoWo lamba 6, siriri wato F, na ƙarfe. JoWo kamfanin Jamus ne a Balin, alƙaluma da yawa masu tsada ma bakinsu suke sawa su buga nasu tambarin a kai.

Abin da zan fara gaya wa duk mai niyya, lambar 6 ɗin nan faɗin ƙarfen kawai take nufi, ba wai komai da komai zai shiga ba. Nawa ya zo da gidansa mai zare, na ɗauka murɗa shi zan yi ya zauna, ashe Jinhao ba ya da zare ta nan, cusawa ake yi. Ko tsakanin JoWo da Bock, wani kamfanin bakin alƙalami, ma, duk da su biyun na Jamus ne, zaren gidansu ba ɗaya ba ne. Sai na zare ƙarfen kaɗai na haɗa shi da fid ɗin alƙalamin na asali, baƙar robar nan mai tsaga tsaga da ke shayar da baki tawada.

Cirewa ba wuya, ka riƙe da ɗan guntun roba kada ya sulle maka, ka ja a miƙe banda murɗawa. Mayarwar ce ta ba ni aiki, karon farko ban lura akwai gefen da fid ɗin yake bi ba na tura shi a karkace, na sa tawada shiru, na girgiza sai ga ɗigo a kan takarda da yatsuna duk sun yi shuɗi. Da na ɗaga shi a haske sai na ga ɗan rata tsakanin ƙarfen da robar har takarda tana shiga, to tawada ba ta tsallake rata. Na sake cirewa na wanke su da ruwa da ɗigon sabulu saboda maiƙon masana'anta, na daidaita tsagar bakin da tsakiyar fid ɗin, na tura har ƙarshe. Kafin in rufe ma sai da na sa murfin a hankali in ji ko tsinin zai taɓo ciki, bai taɓa ba.

Yau sati uku kenan kullum da shi nake rubutu, kuma gaskiya kamar an canja min alƙalami. Layin ya fi na da siranta, ƙananan rubutuna sun daina haɗewa, yana da ɗan sautin nan kamar na fensir wanda ni ina so amma wani ba lallai ba. Sai dai F ɗin Turai bai kai na Japan irin su Pilot siranta ba, ni ma da zan sake saye EF zan ɗauka, wato wanda ya fi F siranta. Ya kwana biyu a ajiye na buɗe shi ɗazu, ya kama rubutu daga harafin farko.