Injin ban ruwa ɗan Caina mai inci uku a fadamar Wurno

Wanda ya bi hanyar Achida daga Sakkwato zuwa Wurno da hunturu, ƙarar injin ban ruwa zai fara ji kafin ya hango gari. Wurno tana zaune a kan tudu ne, fadamar Gulbin Rima shimfiɗe a ƙarƙashinta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da wurin ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, ya zaunar da jama'a su yi noma da sana'a, kuma a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama, nan Bature matafiyi Heinrich Barth ya gana da shi a 1853. Tun wancan zamani abincin garin daga fadama yake fitowa. Abin da ya sauya shi ne kayan ɗibar ruwa: a da jigo ne da ƙwarya, yau kuwa kusan kowane lambun albasa da tafarnuwa yana da ɗan inji a bakin rijiya.

Injin da ya fi yawa a hannun manoma shi ne wanda aka kwaikwaya daga samfurin Honda, ake sayar da shi da sunaye barkatai. Fenti da suna ne kawai suka bambanta, cikinsu kusan ɗaya ne: ƙarfin doki 6.5, tankin fetur da bai kai lita 4 ba, baƙin mai kimanin lita 0.6. Wannan kamanceceniya ita ce babbar fa'idarsa. Kafireta, filogi, ringi, igiyar tayarwa, farfela, duk na wannan yana shiga na wancan, kuma bakanike mai gyaran babur ko janareta yana iya kwance shi ya mayar. Mutum biyu sun isa ɗaukarsa, mutum ɗaya ma yakan ɗaure shi a bayan babur ya kai gida da magariba saboda ɓarayi. Ga ƙaramin manomin da ba shi da kuɗin Honda na asali, samuwar injin nan alheri ce, ba na jayayya a kan haka.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne rubutun da ke jikin kwali. Za ka ga an ce yana fitar da lita 1,000 a minti ɗaya. Wannan lissafin na injin da ke zaune daidai da fuskar ruwa ne, ba ya tsotso daga zurfi, ba ya turawa nesa. A lambu, da tiyo mai tsawo da rijiya mai ɗan zurfi, idan ka samu rabin haka ka gode Allah. Kwatan hekta, in za a ba shi ruwa mai kaurin santimita 5, yana shan lita 125,000. A kan lita 500 a minti, aikin awa huɗu ne da ɗoriya, fetur kuma tsakanin lita 4 zuwa 6. Albasa saiwarta ba ta nitsewa ƙasa sosai, saboda haka ba ta jure a bar ta mako guda a ƙasa mai rairayi. Bayan kwana uku zuwa biyar sai an koma. Daga dashe a Nuwamba ko Disamba zuwa cira, mai lambu ya ninka wannan fetur ɗin da kansa ya ga abin da zai ci masa.

Babban kuskuren da ake yi wajen saye shi ne ɗaukar mai inci uku, wato wanda faɗin bakin famfonsa inci uku ne, don kawai ya fi girma. Idan daga gulbi ko babbar magudana za ka ja ruwa, to shi ne daidai. Amma rijiyar bututu irin wadda ake hudawa da ƙarfin ruwa a fadama, a zura mata bututun roba mai tsage-tsage a gindi, ba kowacce ke iya ciyar da shi ba. Injin yana zuƙa fiye da yadda ƙasa ke tsattsafowa, sai ruwa ya riƙa zuwa yana yankewa, tiyo yana tsalle, iska da yashi suna biyowa. Yashin nan shi ke cinye farfela, shi ke goge sil ɗin da ke tsare ruwa tsakanin famfo da inji. Ranar da ka ga ɗigon ruwa yana fita ta ƙarƙashin wannan mahaɗa, sil ya tafi. Ga irin wannan rijiya mai inci biyu ya fi: yana ja a hankali, ruwan ba ya yankewa, fetur ma ya fi auki.

Sai maganar zurfi, wadda ita ke raba mai riba da mai asara. Babu injin irin wannan da ke tsotso ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai sabuntarsa, kuma tun daga mita 5 ƙarfin fitarsa ke raguwa. A Nuwamba, bayan gulbi ya janye, ruwa yana kusa, kowane inji gwani ne. Gwajin gaskiya sai Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, kowa yana ja, ruwan ƙasa ya sauka. Yawan abin da ake saki daga madatsar Goronyo, wadda ke sama da Wurno a kan gulbin nan, shi ma yana taɓa lambunan da ke gefen gulbi. Saboda haka kafin a sayi inji a tambayi maƙwabtan lambu inda ruwa yake tsayawa da bazara. Dabarar da manoma ke yi in ruwa ya yi nisa ita ce haƙa rami mita ɗaya ko biyu a sauke injin ciki. Tana aiki, amma hayaƙin inji yana taruwa a ramin, kuma irin hayaƙin nan yana sumar da mutum ba tare da ya ankara ba. A yi ramin da faɗi, kada a tura yaro ya zauna ciki inji na aiki. Wannan ba abin wasa ba ne.

Sau da yawa in inji ya ƙi jan ruwa laifin ba nasa ba ne. Dole a cika tukunyar famfo da ruwa ta murfin sama kafin a ja igiya. Tayar da shi a bushe na 'yan mintuna ya isa ƙona sil. In an cika kuma bai kama ba, a duba bakin tiyon zuƙa. 'Yar kafa kamar ta allura ta isa shigar da iska. Maɗaurin da ke zuwa cikin kwali ba shi da ƙwari, shi ya sa ake naɗe wurin da robar tsohon tif, kuma gaskiya robar ta fi riƙewa.

Ƙurar hunturu ita ce ajalin injin da kansa. Soson matatar iskar siriri ne. In ya toshe sai baƙin hayaƙi da shan mai, in kuma aka cire shi aka yar, kamar yadda wasu ke yi, ƙurar ta wuce ciki ta cinye ringi cikin kaka ɗaya. A wanke shi duk mako, a shanya, a ɗiga masa ɗan baƙin mai a matse. Baƙin man farko a juye shi bayan awa 20, domin yana fitowa da ɓarɓashin ƙarfe. Ƙusoshin jikinsa ma suna kwancewa da girgiza, a riƙa bin su da sifana.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, manoma da yawa sun sauya kafireta zuwa mai amfani da gas ɗin girki. Injin yana karɓa lafiya, filogi ma ya fi daɗewa da tsabta. Lissafin dai shi ne kilo ɗaya na gas yana yin aikin fetur kusan lita ɗaya da rabi, wato tukunya mai kilo 12.5 tana tsaya wa lita 17 zuwa 18. Da wannan za a auna farashin ranar, a haɗa da kuɗin kai tukunya wurin cikawa. Ƙarfinsa yana ɗan raguwa, bawul kuma yana son a riƙa duba shi, sannan duk mahaɗar tiyon gas a shafa mata ruwan sabulu a ga ko za ta yi kumfa.

A fadamar Wurno ba kasafai inji ke zama na mutum ɗaya ba. 'Yan'uwa kan haɗa kuɗi su saya, maƙwabci ya ara ya zuba mansa, wani ya karɓi haya a biya bayan an sayar da albasa. Nan ne injin ke saurin mutuwa, domin kowa yana zuba fetur, babu mai tuna baƙin mai. Masu haɗakar da injinsu ke kai shekaru su ne waɗanda suka damƙa juyen mai da wankin soso a hannun mutum ɗaya, ake cire kuɗin daga na kowa tun ranar dashe.