Rezin ɗin biro da na sayo daga Legas: ya yi, amma sai da ya ci mini rai

Masu tambayata ko ya yi a kan efoksin nan, wato rezin, ruwan robar da ake haɗawa ya daskare, mai jarka biyu, A da B, da ake tallarsa da cewa na zubi ne mai haske garau, ga amsarku gaba ɗaya. Ba zan kama sunan shagon ba.

Sana'ata fiƙe biro ce. Ina zuba rezin a mazubin silikon tare da guntun itacen ƙirya ko maɗaci, sanda ta fito mai kaurin inci 3/4 da tsawon inci 5, in huda ta, in sa bututu, in ɗora a injin juyi. Duk kuɗin aikin yana ga hasken nan, mutum ya ɗaga biro ya hango jijiyar itace ta ciki. In babu haske, roba kawai ka sayar.

Kayan sun iso Katsina a Janairu, hunturu ya kankama. Ina buɗe kwali na ga jarkar A ta yi fari-fari, ta yi kauri, ga wani tsaki-tsaki kwance a gindinta. Nan take na tura wa mai kayan hoto. Ya ce, "Oga, ba komai, haka yake zuwa, in ya bushe zai washe." A lokacin ina da aikin abokan wani ango a Ƙofar Marusa, har sun ba da kafin alƙalami, biki ya matso. Tunda mai abu ya ce haka, na auna, na gauraya, na zuba.

Abin da na ciro daga mazubi, wallahi, farau-farau ne ya daskare. Itacen da na ɓata lokaci ina busarwa ko inuwarsa ba a gani sosai. Na fara da abin da kowa ya sani: na jiƙa sandar da ruwa. In dushewar ta sama ce, ta karce-karcen sanfefa, ruwa yana cike su ta yi haske nan take. Wannan ko gezau. Na wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ko maiƙon nan ne da efoksi ke fitarwa a fuska in ya sha laima. Wace laima ma a hunturun Katsina, da leɓen mutum ke tsagewa? Na fiƙe ɗaya duk da haka, na bi ta da sanfefar ruwa daga lamba 400 har na dire a Micro-Mesh 12000, wato sanfefa mai laushi ƙwarai ta fito da sheƙi. Sai ta fito da sheƙi a waje, hazo a ciki. Na haska tocilan ta bayanta, ga ƙananan kumfa birjik, ga wani fari kuma da ba kumfa ba. Na sake kiran mutumin, sai cewa ya yi wai ƙurar garinmu ce. Ƙura a cikin jarkar da ta zo mini a rufe!

Wata Hajiya mai yin tire da maƙalan makulli da rezin a Kano ita ta cece ni. Tana ganin hoton ta ce, "Ƙanena, ai sanyi ne ya kama shi. Rufe jarkar ruf, ka tsoma a ruwan zafi, kada ɗigo ɗaya ya shiga ciki." Efoksin A yana yin ƙanƙara-ƙanƙara in ya daɗe a ajiye ko ya sha sanyi da sauyin yanayi, kuma zafin kamar digiri 50 yana narkar da shi ya koma yadda yake. Haka kuwa aka yi. Na bar shi a ruwan har tsakin ya ɓace ƙurmus, na bari ya huce, na gauraya a hankali ina kankare gefe da gindin kofi, na sa a tukunyar matsin iska, mai danne kumfa, a kan awon matsi na psi 50. Gaskiya ɗaya ce, wannan zubin ya fito tas. Na ɗora sandar a kan jarida ina karanta rubutu ta cikinta. A ranar har na ce wa yaron shagona kayan nan ba laifinsu, zan ƙara saye.

To amma da na zauna na lissafa, raina ya sake ɓaci. Maganar da Hajiya ta gaya mini a minti biyu, mai sayar da abin bai san ta ba, ko ya sani ya ƙi faɗa. Takardar jikin jarka 1:1 kawai ta ce, ba ta ce da kofi ko da sikeli ba, alhali B ya fi A rashin nauyi, wanda ya ɗora su daidai a sikeli ya karkace awo, abin ya fito da danƙo ko zane-zane a ciki. Ta kuma ce awa 24 ya bushe. Ya bushe a taɓa dai, amma ka kai shi injin a haka ka ga yadda zai toshe maka sanfefa. Sai ya kusa mako yake yin tauri na gaske.

Babban abin kuma bazara ce ta tona shi. Da muka shiga Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sai ya fara ɗaukar zafi tun yana kofi, sanda mai kauri ta yi ruwan ɗorawa, wata ma ta tsage a tsakiya. Wannan halin rezin ɗin shafe ne, na saman tebur, da ake zubawa siriri. Na zubi mai zurfi a hankali yake kamawa don kada zafi ya taru. Ke nan na shafe aka liƙa wa takardar na zubi aka sayar mana. Yanzu sai da asuba nake haɗa shi, kaɗan-kaɗan, ragowar kuma maƙalan makulli zan ƙarasa da ita.

Abokan ango sun karɓi birorinsu bayan biki da kwanaki, na sha kunya, na rage musu kuɗi. Batun sandunan farko da itacen ƙiryata da suka tafi a banza kuwa, na rubuta wa mai kayan ya san yadda za mu yi. Ya karanta, har yau bai ce uffan ba.